Amsa ga mai son sauya sunan shagon ɗinkinta a Agege

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kina ɗinka abaya da kayan yara a Agege da ke Legas, kina son sauya suna da tambari don ki jawo masu saye daga Ikeja da Lekki, amma kina tsoron tsofaffin kwastomomi su watse. Ni ma tufafi nake sayarwa a Idi-Araba, kuma na bi ta wannan hanyar.

Sabon suna ba ya korar kowa, zargi ne ke kora. Matar da ta saba da ke, da ta ga sabon allo da sabuwar leda, abu biyu ke faɗo mata a rai: ko an sayar da shagon, ko kuɗin ɗinki zai hau. A Legas kuwa akwai na uku da ya fi su muni, wato ta ɗauka 'yan damfara ne suka buɗe shafi da hotunan kayanki. Garin nan ana tura kuɗi kafin a ga kaya. Mace ta buga lambar asusu, sunan da ba ta sani ba ya fito, wallahi fasawa za ta yi, kuma ba lalle ta kira ki ta tambaya ba.

Saboda haka takarda ce farko, allo daga baya. Ki duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ko wani ya riga ki sunan, ki yi canjin a can, sannan ki kai wa banki shaidar su gyara sunan asusu da na POS. Rajistar CAC ita kaɗai ba ta mallaka miki sunan da za ki liƙa a wuyan riga. Wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne a Abuja. Tufafi suna rukuni na 25, rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14. Lambar wayarki kada ki taɓa ta. A Instagram ma ki sauya sunan shafin da kike da shi, kada ki buɗe sabo, don a can yabon da mutane suka rubuta miki yake.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne murya. Kafin na sanar a fili, na aika wa manyan kwastomomina saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, musamman iyayen biki masu kawo anko. Na ce musu ni ce dai, telolina suna nan, awon kowa yana cikin littafi. Wadda ta ji daga bakinki ita za ta yi wa ƙawayenta bayani a gidan suna, wadda kuwa ta tsinta a titi za ta ji kamar kin yi arziki kin manta da ita. Ki kuma gwada sabon sunan a bakin kwastomominki Yarbawa. Idan ya yi musu wuyar faɗa, zai yi wuyar nema a waya.

Za su ci gaba da kiran ki da tsohon suna, kada ki ji haushi. NEPA ta zama PHCN tun 2005, yau Ikeja Electric ke ba ku wuta a Agege, amma da an kawo wuta NEPA yara ke ihu. Ki bar tsohon sunan da ƙananan haruffa a ƙasan sabon na wasu watanni, ki ƙarar da tsofaffin ledojinki, kuɗi kika sa.

Batun Lekki kuwa, gaskiya suna ba zai kai ki can ba sai da tsabtar ɗinki, hoto mai kyau da kai kaya a ranar da aka ce. Idan hakan zai sa farashi ya hau, ki fito da wasu kaya daban masu tsada, abayar da matan Agege suka saba saye ki bar ta a kuɗinta. Kada kuma ki fara cikin azumi lokacin da ɗinkin Sallah ya cika shago. Ki bari sai bayan Babbar Sallah, sa'ad da za ki samu sukunin amsa kowace waya da kanki. Allah Ya sa albarka.