Sun yarda da maganar, amma gwangwanin yana ƙarewa a shara

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Wata shida ke nan da na ajiye kwando biyu a gida, ɗaya na shara, ɗaya na robobi da gwangwanaye da takardu da za a kai a sake sarrafawa. Maigidana da yara duk sun yarda abu ne mai kyau, shi maigidan ma shi ke yi wa baƙi bayani. Amma kullum sai na tsinci gwangwani a cikin shara. Na yi faɗa har na gaji. Raina ni suka yi, ko kuwa? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ban ga raini a nan ba. Kafin ki sake yin faɗa, ki leƙa kwandon sharar ki duba irin gwangwanin da ke ciki. Ina kyautata zaton yawancinsu lotsattsu ne, waɗanda aka matse da hannu bayan an shanye.

Ga dalilin da ya sa na ce haka. A shekarar 2013 wasu masana biyu, Remi Trudel na Jami'ar Boston da Jennifer Argo ta Jami'ar Alberta, sun ba mutane takarda da almakashi, suka sa wasu su yanka ta gutsi-gutsi, wasu kuma takardarsu ta tsaya cikakkiya. Da za su fita, masu cikakkiyar takarda sun fi kai ta kwandon sake sarrafawa, masu gutsattsari kuwa sun fi watsa su a shara. Haka aka gani da gwangwanin da ya lotse. Alhali injin da ke narka gwangwani bai damu da surarsa ba. Ido ne ke yanke hukunci cikin ƙiftawa: abin da ya fita daga kamanninsa ya tashi aiki, abin da ya tashi aiki kuma shara ne.

Ni kaina na kama hannuna yana haka a ofis. Farar takarda cikakkiya nakan tashi in kai ta inda ake tarawa, amma wadda na kekketa bayan na gama rubutu, sai in ga na jefa ta ƙarƙashin tebur ba tare da na yi shawara da kaina ba. Na san ilimin sarai, amma hannun ya riga tunanin. Abin ya dame ni, domin alminiyam da aka sake narkawa yana cin kusan kashi 5 ne kawai cikin 100 na makamashin da ake ƙonawa wajen haƙo sabo a tace shi. Kowane lotsattsen gwangwani da ya tafi juji asara ce ta gaske.

Su Trudel sun ƙara gano wani abu a 2016. An ba mutane kofi ɗauke da sunayensu, wasu an rubuta daidai, wasu an ɓata rubutun da gangan. Waɗanda aka rubuta nasu daidai sun fi sa kofin a kwandon sake sarrafawa. Mutum ba ya son ya jefa abin da yake ji nasa ne cikin ƙazanta. Da yara wannan yana aiki ƙwarai: ki ba kowa buhunsa da sunansa a jiki.

Sai batun abin da ake gani wasu suna yi. Robert Cialdini da abokan aikinsa sun nuna a 1990 cewa direban da ya tarar da takardar talla a gilashin motarsa ya fi yar da ita a ƙasa idan wurin dama cike yake da shara. A 2008 kuma, a wani otal a Amurka, katin da ya ce yawancin baƙi suna sake amfani da tawul ɗinsu ya fi katin wa'azin kare muhalli tasiri: kashi 44 cikin 100 na baƙin da suka ga na farko sun sake amfani da tawul ɗinsu, na biyun kuwa kashi 35. Gwangwani ɗaya a saman kwandon shararki yana gaya wa na gaba cewa a gidan nan haka ake yi. Ki riƙa cire shi da wuri, ba tare da magana ba.

Kuɗi ma yana motsa mutane. A Jamus tun 2003 ana ɗora senti 25 a kan gorar roba da gwangwanin da ake sha sau ɗaya, a mayar maka idan ka dawo da su, kuma fiye da kashi 90 suna dawowa.

Akwai abin da nake so ki sa wa ido a kanki ke ma. Jesse Catlin da Yitong Wang sun ajiye kwandon sake sarrafawa a wani banɗaki, sai yawan takardar goge hannu da ake zara ya ƙaru. Zuciya ta samu uzuri: ai ba ɓarna ba ce, za a sake sarrafawa. To amma wani ƙiyasi na 2017 ya nuna kusan kashi 9 kacal na duk sharar robar da aka taɓa yi a duniya aka sake sarrafawa. Idan kwandonki na biyu yana cika da wuri fiye da da, ki duba ko sayen robar ne ya ƙaru.

Ba ki faɗa mini inda kwandunan suke ba. Idan na shara yana kusa da hannu, ɗayan kuma yana bayan ƙofa ko da murfi mai wuyar buɗewa, na kusa ne zai ci. Ki haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ki cire murfin na biyun, ki ɗaure lotsattsen gwangwani ɗaya a bakinsa da zare yadda kowa zai gani. Bayan mako biyu ki ƙirga abin da ya ɓace hanya, ki rubuto mini.