Tambaya da Amsa: Ina biya duk wata, amma makin bashina ya ƙi motsi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin motar haya. Tun zuwana ban taɓa cin bashin kowa ba, komai da kuɗin hannu nake yi. Bara na je neman gida don ina so in kawo iyali, mai gidan ya duba ya ce ba ni da tarihin bashi, ya ba wani. Shi ne na ajiye dala 500 a banki suka ba ni katin bashi. Da shi nake shan mai, wajen dala 450 a wata, kuma ina biya tas kafin wa'adi. Yau wata tara makina na bashi, wato lambar da ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da ita, na nan a 640, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wani abokin aiki ya ce sai na riƙa barin saura, banki na ɗan cin kuɗin ruwa, sannan makin zai hau. Ni kuwa kuɗin ruwan nake gudu. Ina mafita?
Ɗan'uwanku a Bronx

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ba da mugunta ya faɗa ba, amma kar ka bi shawararsa. Ni ma an sayar mini da wannan maganar farkon zuwana Amurka. Babu inda kuɗin ruwan da ka biya yake shiga lissafin maki. Ka bar saura, banki ya ci, kai ka tashi a tutar babu.

Makin da yawancin masu ba da bashi a Amurka ke dubawa shi ne na kamfanin FICO, daga 300 zuwa 850, kuma daga 670 ake fara cewa mai kyau ne. Kashi 35 cikin ɗari na lissafin biya a kan lokaci ne, a nan ba ka da matsala. Kashi 30 kuma yawan abin da ake bin ka ne idan an gwada shi da iyakar katinka, wato mafi yawan bashin da aka yarda ka ci da katin. Nan gizo ke saƙar.

Katinka yana da ranaku biyu, kai ɗaya ka sani. Akwai ranar wa'adin biya, akwai kuma ranar rufe lissafin wata, wadda ke rigan ta da aƙalla kwana 21. Yawancin bankuna a ranar rufe lissafi suke ɗaukar abin da ke kan kati su aika wa kamfanoni ukun da ke ajiye tarihin bashi: Equifax da Experian da TransUnion. A ce naka na rufewa ran 20 ga wata, wa'adi kuma 15 ga watan gobe. Ran 20 sai a tarar da dala 450 a kan kati mai iyakar 500. Kashi 90 ke nan. Kai ka san za ka biya, kwamfuta kuwa mutumin da ruwa ya kusa kai masa wuya take gani, wata tara a jere.

Maganin ba ya cin ko sisi. Buɗe manhajar bankin ka duba ranar rufe lissafi. Kwana uku kafin ta, ka biya kusan duka, ka bar dala 30 ko 40 su fito a takardar wata, sannan ka share su kafin wa'adi. Ko kuma, tunda kullum kuɗi na shigo maka, ka mai da shi al'ada duk Juma'a in ka sauko daga masallaci ka biya na man mako. Ana yawan cewa kar a wuce kashi 30 na iyakar kati, amma ƙasa da kashi 10 ya fi. Daɗin abin, a lissafin da aka fi amfani da shi wannan ɓangaren ba ya riƙo: adadin da aka aika na ƙarshe yake kallo. Cikin wata ɗaya ko biyu ya kamata ka ga canji.

Game da kuɗin ruwa, muddin kana biyan dukkan abin da takardar wata ta nuna kafin wa'adi, a yawancin katuna ba a ɗora maka komai a kan sayayya. Amma kar ka kuskura ka ciri tsabar kuɗi da katin a ATM, wannan tun ranar yake fara haihuwa. Hukuncin sa hannu a yarjejeniyar da aka ambaci kuɗin ruwa a ciki kuwa, malamai sun saɓa. Wannan ka kai wa malaminka, ba fagena ba ne.

Bari in ba ka nawa labarin. Wata shekara na sayi takalmin yara na dala 23 da katin wani kanti, don yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce za a yi mini ragi in na buɗe. Na tafi gida Babbar Sallah, na yi mako shida ana ta cin suya, takarda na kwance a akwatin wasiƙa. Jinkirin da bai kai kwana 30 ba tara kawai ake ci, ba a kai rahoto. Nawa ya wuce. Tabon dala 23 ɗin nan shekara bakwai ya yi a tarihina, don haka dokarsu ta tanada. Tun daga ranar na sa banki ya riƙa cirar kuɗin kati kai tsaye daga asusuna. Ka yi haka yau, musamman kai da za ka je ɗauko iyali.

Sauran a taƙaice. Kar ka rufe wannan katin ko ka samu wanda ya fi shi, domin tsufan tarihi kashi 15 ne. Idan ka cika shekara, nemi bankin ya maido maka da ajiyarka ya ƙara iyakar katin, wasu suna yi. Kar ka bi kantuna kana cike takardun neman kati: kowace nema tana ɗan rage maki kuma tana zama shekara biyu a rubuce. Ka shiga AnnualCreditReport.com ka ciro rahotonka kyauta daga kamfanonin uku, ka duba da kyau. Masu suna Muhammad da Abubakar da Ibrahim muna da yawa, kuma akan cakuɗa bayanan masu suna iri ɗaya. In ka ga bashin da ba naka ba, ka kai ƙorafi a rubuce, galibi kwana 30 doka ta ba su su bincika.

In kuma gida ya samu kafin makin ya hau, ka tafi da takardun banki na wata shida da rasit ɗin hayar da kake biya yanzu. Ƙananan masu gidaje da yawa sukan duba su. Allah Ya kawo iyali lafiya.