Albashin 'yan aiki a asusunka: kada ka yarda

Ɗan'uwa, ka ce wani eja a Jidda na son albashin 'yan aikin gida biyar ya riƙa shigowa asusunka, kana ciro masa, yana ba ka riyal ɗari biyu-biyu. Kada ka yarda, ko da garinku ɗaya. Wannan na cikin alamun da banki ke bi wajen gano safarar mutane: kuɗi daga gidaje daban-daban da ba ka da alaƙa da su, adadi kusan ɗaya, duk ƙarshen wata, sannan a kwashe su a ATM cikin sa'a guda ko a tura waje. Da zarar na'urarsu ta kama haka, ma'aikacin banki zai kai rahoto sashen binciken kuɗi, kuma doka ta hana shi sanar da kai. Sai dai ka wayi gari katinka ya daina aiki.

Abin da ke kai mutane ƙasa shi ne sunan da ke kan asusun, wato na iƙamarka, katin izinin zamanka a Saudiyya. Ejan ba ya bayyana ko'ina. Dokar hana safarar mutane ta 2009 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15, dokar hana halasta kuɗin haram kuma har shekara 10. Su kuma matan nan, guminsu ne, sau da yawa ba sa ganin ko rabinsa. Albashin 'yar aiki ta Musaned, manhajar gwamnatin Saudiyya ta 'yan aikin gida, ake biyansa, zuwa asusunta na kanta. In har kuɗi sun riga sun shigo, kada ka taɓa su: je reshen bankinka da saƙonnin WhatsApp ɗin ejan, sannan ka kira 19911, lambar ma'aikatar ƙwadago.