Tambaya da Amsa: Yara na son halittun teku, mu kuwa Kano muke

TAMBAYA: Salam. Ni malamin Bayoloji ne a wata sakandare, ɗalibaina 'yan SS2 sun dame ni da zancen halittun teku tunda suka gani a YouTube, to mu ba teku ba kuɗin zuwa Legas, ya zan yi su taɓa abin da hannunsu?
Daga wani malami, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Ai teku kullum shigowa Kano yake a kwali, ka je wajen masu kifin ƙanƙara ka sayo titus, ka haɗa da karfasa da tarwaɗa, ka ba yaran reza su farke da kansu. A cikin karfasa za su ga wata jakar iska da ke riƙe ta a ruwa ba ta nutse ba, titus ɗin tekun Atlantika kuwa ba shi da ita sam, shi ya sa ba ya hutawa da iyo. Tarwaɗa kuma a ɗaga murfin kunnenta, akwai wani jan nama mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da shi take shaƙar iska, ka ga dalilin da take daɗewa a roba ba ta mutu ba. Wallahi yaro ya ga wannan sau ɗaya ya fi ka cika masa allo da zane.

Ruwan tekun ma haɗa shi za ku yi, gishiri giram 35 a lita ɗaya. Ku yanka dankali ku jefa rabi a ciki rabi a ruwan famfo, gobe ku duba wanda ya yi laushi, daga nan sai ka tambaye su me zai sami karfasar dam ɗin Tiga in an jefa ta Atlantika.

In an samu mota ku je dam ɗin Tiga ku ɗebo ruwa a kwalba ku duba a madubin likita, amma don Allah kar yaro ya shiga ruwan, tsargiya ba wasa ba ce.

Wanda abin ya shiga ransa sosai, Jami'ar Legas na koyar da fannin, akwai kuma cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island. Ku ma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa kusa da Kainji ta fi muku kusa, ka sa shugaban makaranta ya rubuta musu takardar neman ziyara tun kafin hutu.