Amsa: Yadda za ka gano mai gidan hayar da ke maƙwabtaka da kai

Ɗan'uwa, na ga tambayarka kan 'yan hayar da suka hana ku barci da kiɗa, ga ruwan wanki suna kwararo muku ƙofar gida, kuma ba ka san mai gidan ba.

Fara da mai unguwa. A yawancin unguwanninmu ba a cinikin gida sai ya sa hannu a takardar, don haka da wuya a ce bai san mamallakin ba. In ya yi maka hanya-hanya, nemi dillalin da ya saka su. Shi ke karɓar kuɗin haya, lambar mai gidan na wayarsa. Ni da irin haka ta same ni, takardar kuɗin wuta da aka liƙa a ƙofarsu ce ta ba ni sunan, sai limamin masallacinmu ya haɗa mu.

Ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, ba zai iya gano maka mai gidan ba sai gidan na da shaidar mallaka ta gwamnati, kuma za ka biya kuɗin bincike.

Idan za ku haɗu da mai gidan, kada ka je da faɗa. Tafi da dattijo ɗaya, ka faɗa wa mai gidan ranakun da abin ya faru.