Shin Da Gaske Hali Zanen Dutse Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 a nan Legas. Ina da saurin fushi, abu kaɗan sai in zazzagi ɗan dako ko yarona, har da ashar. In na huce sai nadama. Abokaina na cewa hali zanen dutse, haka Allah Ya yi ni. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, nadamar nan taka alheri ce, ka riƙe ta.

Tasowar fushi a zuciya ba zunubi ba ce. A Suratu Ali Imrana, aya ta 134, waɗanda Allah Ya yaba su ne masu haɗiye fushi; ai sai abu ya taso ake haɗiye shi. Amma zagi da ashar haramun ne, kuma haƙƙin ɗan Adam ne. Istigfari kaɗai bai wadatar ba, sai ka nemi yafewar wanda ka ci wa mutunci. Ɗan dakon da ya sha rana da kwandonka a ka, uwarsa ba ta yi maka komai ba.

Karin maganar abokanka kuwa ba hujja ba ce a shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa wanda ya ɗora wa kansa haƙuri, Allah zai sa shi ya zama mai haƙuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya kafa hujja da cewa da hali ba ya canzuwa, da wa'azi da tarbiyya ba su da amfani. Wani mutum ya nemi wasiyya, Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa: kada ka yi fushi. Shari'a ba ta umurni da abin da ba zai yiwu ba.

Na san Legas da zafi: cunkoson hanyar Ikorodu, ga kaya na lalacewa, ga mai saye na taya maka rabin kuɗi. Duk da haka ka tuna, baƙon da ya ji ashar a bakinka, Bahaushe kuma Musulmi ya ji.

Da ka ji fushi ya taso, ka yi a'uziyya, ka kame bakinka. In kana tsaye ka zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Zarri. Gobe kafin a sauke kaya, ka kira yaronka gefe ka ba shi haƙuri.

Wallahu a'alam.