Tsohon injin wanki na Amurka: yana wanki kuwa kamar yadda ake yabonsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke zaune a Amurka ya sayi gida, sai ya tarar da tsohon injin wanki da na busar da kaya a ɗakin ƙasa, duka ƙirar Maytag. Ya ce sun haura shekara 30 amma lafiyarsu ƙalau, kuma mutanen can suna ta cewa na da sun fi na yanzu fitar da datti da ƙarko. Yana so ya sako mini su a kwantena. Mu takwas ne a gida, wanki ya yi mini yawa. Da gaske ne sun fi na zamani? In ce ya turo? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka wa yayanki da alheri, zumunci ya yi. Kuma abin da ya ji ba ƙarya ba ne. Waɗannan injuna suna wanki, wanki na sosai. Sai dai kafin ki ce ya turo, ina so ki san abin da suke ci kafin su yi wannan wankin, domin a nan ne maganar take.

Bari in fara da shi injin. Maytag kamfani ne da ya samo asali a garin Newton a jihar Iowa, an kafa shi a 1893, ya fara ƙera injin wanki a 1907. A 1922 suka fito da wanda ya yi musu suna, mai wani ƙarfe tsaye a tsakiyar baho yana juyawa dama da hagu. Idan kin taɓa riƙe maburgi tsakanin tafukanki kina burga miyar kuka, to kin san aikinsa. Shi ne yake jan kaya ƙasa, ya turo su gefe, ya maido su sama, ruwan omo yana ratsa zaren. Wanda yayanki ya tarar jikan wancan ne. Na sha kwantar da irinsa in leƙa ƙarƙashi, kuma kullum sai abin ya burge ni: moto ɗaya, bel biyu, giya, famfo. Shi ke nan. Idan moton ya juya ta wannan ɓangare, maburgin ne ke aiki. Idan ya juya ta ɗaya ɓangaren, bahon ne ke gudu yana matse ruwa, famfo yana zubarwa. Abin da ke ba su umarni wani agogo ne mai haƙora, kina jin sa yana ƙas, ƙas, yana tafiya. Babu fanel, babu kwamfuta, babu abin da zai ƙone don wuta ta yi rawa kaɗan. Saman injin da bahon an shafe su da irin ruwan tangaran na kwanon sha na da, shi ya sa tsatsa ba ta saurin cin su. A 1967 kamfanin ya fara tallarsa da wani mai gyara da ke zaune shiru babu mai kiran sa, kuma a wancan zamanin tallar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

To me ya sa yake fitar da datti haka? Ruwa. Injin nan yana cika baho har kaya su nutse, ya wanke, ya zubar, ya sake cikawa ya ɗauraye. Wanki ɗaya yakan sha wajen galan 40 na Amurka, wato lita 150. Jarka shida ke nan 'yar lita 25. Injin zamani mai ƙofa a gaba yakan gama da lita 50 zuwa 60. Gidan mutum takwas, ranar wanki ba za ki yi ƙasa da zubi uku ba. Jarka 18 ta tafi. In kuna da rijiyar burtsatse, da sauƙi. In 'yan ga-ruwa kuke jira, ki lissafa da kanki.

Bayan ruwa akwai zafi. A gidajen Amurka akwai tukunyar ruwan zafi da ke ba gida duka, injin yana da tiyo biyu a baya, na zafi da na sanyi, shi ba ya dafa ruwa da kansa. Kuma omon wancan zamani yana da sinadarin fosfet mai tausasa ruwa, wanda jihohi suka fara hanawa tun shekarun 1970 saboda yana lalata tafkuna, har kamfanonin can suka daina zuba shi a omon wanki a shekarun 1990. Saboda haka idan tsohuwa a Amurka ta ce farin zanen gadonta na da ya fi na yanzu haske, gaskiyarta ce, amma ba injin kaɗai ya yi aikin ba. Ruwa mai yawa, ruwa mai zafi, da omo mai ƙarfi, su uku suka haɗu.

Inda ba na jayayya da masu yabonsa shi ne kayan da suka yi baƙin datti: kayan makarantar yara da suka sha ƙura, kayan gona, rigar bakanike, tawul. Cikin minti 30 zuwa 40 ya gama, alhali na zamani yakan ɗauki awa ɗaya da rabi ko biyu yana mirgina kaya a ɗan ruwa. Ɗaurayarsa ma ba ta barin omo a jikin kaya. Amma maburgin nan ba ya da tausayi. Kada ki yarda ki jefa masa shadda mai maiƙo, ko leshi, ko babbar rigar maigida mai aiki a wuya. Zai ja zaren aikin, ya kashe ƙyallin shaddar, mayafi kuwa ya naɗe shi a jikinsa kamar igiya. Na ga gyalen da ya fito daga irin wannan injin ya ƙara tsawo ta gefe guda. A wajen matsa ma na zamani ya fi shi: tsohon yana gudu wajen juyi 600 a minti, sabon mai ƙofar gaba yana kai 1,200 zuwa 1,400, kaya su fito kusan a bushe.

Maganar ƙarko kuwa, a yi adalci. Miliyoyi aka ƙera, yawancinsu sun daɗe da komawa wajen 'yan gwangwan. Waɗanda muke gani yau su ne suka tsira, shi ya sa ake ganin kamar duk haka suke. Abin da ya fi ƙarkon muhimmanci a wurina shi ne suna karɓar gyara. Ki ɗauki misalin na wani kamfanin Amurka, Whirlpool, da aka yi ta ƙerawa tun shekarun 1980 har kusan shekara 30, wanda kantunan Sears suka sayar da sunan Kenmore. Tsakanin moto da giya akwai wani ɗan abu, roba biyu masu ƙafa uku-uku da baƙar roba a tsakani, bai cika tafin hannu ba. Da gangan aka yi shi mai rauni. Idan aka cusa wa injin kaya fiye da kima, shi ne zai karye, moto ya tsira. Kina ɗaga injin za ki ga baƙin gari a ƙasa, kin san shi ne. A Amurka kuɗinsa kaɗan ne, awa ɗaya ta isa a canja. Wannan tunanin nake girmamawa. Amma a Kaduna wa ke da shi a shago? Whirlpool ta sayi Maytag a 2006, masana'antar Newton ta rufe a 2007. Kayan gyaran Maytag suna nan a Amurka, amma duk bel ɗin da ya tsinke sai kin jira mai zuwa daga can.

Yanzu ga abin da ya sa nake cewa a dakata. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. Tamu bolt 230 ce, sau 50. Taransifoma za ta sauke miki ƙarfin wutar, amma ba ta canja yawan kaɗawar. Moton da aka ƙera ya yi juyi 1,725 a minti zai dawo wajen 1,425, ya riƙa ɗaukar zafi, matsar da dama ba ta da ƙarfi ta ƙara raguwa, agogon ma ya riƙa jan ƙafa. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini irin wannan, ya biya kuɗin jirgi, ya biya na kwastan, ya sayi taransifoma ƙarama wadda ba ta kai ba. Ina buɗe bayan injin warin ƙonannen koyil ya buge ni, wayoyin sun yi baƙi ƙirin kamar an gasa su. Wata biyu kacal ya yi a hannunsa. Na ji zafin abin ƙwarai, domin injin ya yi shekaru yana hidima lafiya a inda aka yi shi dominsa. Ga kuma matsin ruwa: bawul ɗin injin yana son ruwa mai ƙarfi irin na famfon birni. Tankin da ke kan ƙarfe mita uku ko huɗu ba ya ba da ko rabin abin da yake so, sai ki ga baho ya ɗauki rabin awa bai cika ba.

Na busarwa ba zan tsawaita ba. Aikinsa ɗaya ne tun da kamfanin Hamilton na jihar Wisconsin ya fara sayar da shi a 1938: ganga tana juyawa, waya tana zafi, fanka tana hura iska ta fita waje da danshi. Tsohon yana busarwa daidai da sabo, wani lokaci ma ya fi sauri don ya fi zafi, kuma zafin nan ne ke tsuke rigar auduga ya kashe robar wando. Amma na lantarki yana jan wat 5,000 ko fiye, ƙaramin janareta ba zai ko motsa shi ba. Kada kuma wani ya ce miki ai bolt 240 yake sha, ya dace da tamu. Wayar zafin ce ke shan 240, moton da agogon 120 suke sha, ta tsarin wayarin gidajen can wanda ba irin namu ba ne. In mai gas ne, an saita shi a kan gas ɗin bututu, sai an canja masa bakin wuta kafin ya karɓi na tukunya. Sannan burbushin zaren da ke taruwa a cikin tsohon injin abin tsoro ne. Na taɓa cire bayan wani na kwaso shi dam-dam da hannu biyu, kamar audugar katifa, yana kwance dab da wayar zafi. Gobara daga nan take tashi. Ke da Allah ya ba ki ranar Kaduna, in ban da 'yan makonnin Agusta da marka ke hana shanya, igiya ta wadatar.

Shawarata ita ce yayanki ya riƙe su a can, ya more su. An ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a gidansa maganin zai ci. Ki gaya masa ya leƙa ƙarƙashin na wankin: in ya ga mai ya ɗiga a ƙasa, giya ce ke yoyo, in kuma yana ƙugi kamar jirgi lokacin matsa, ruwa ya shiga boris. Ya canja tiyon ruwa biyun nan ko da ba su nuna komai ba, ya tabbatar wayar da ke kai wuta ƙasa tana haɗe, ya buɗe na busarwar ya share shi har bututun da ke fita waje.

Ke kuwa, kuɗin da zai kashe a kwantena ya turo miki. In kina son irin sauƙin nan na injin da, ki nemi mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, irin tsarin da kamfanin Hoover ya yaɗa a Ingila tun 1957. Da bokiti ma za ki cika shi, janareta madaidaici yana ɗaukar sa, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Ki yi masa irin dabarar matan da suka yi aiki da injin wanki na da mai abin matse kaya a samansa: farare tukuna, sai masu launi a ruwan nan dai, sai kayan yara masu datti a ƙarshe, sannan a zubar. In kuma mai sarrafa kansa kike so kuma kuna da isasshen ruwa, ɗan Beljiyam na Turai irin Miele ko Bosch wutarsa ɗaya da tamu. Ki sa a kunna shi a gabanki har ya kai ga matsa, ki ɗora hannu a kansa ki ji ko yana tsalle, ki ja robar ƙofar ki duba tsaga da baƙin fumfuna. Yana da wayar dafa ruwa mai jan wajen wat 2,000, saboda haka ranar da kuke kan janareta ki juya shi zuwa ruwan sanyi kafin ki danna.